Tambaya Ɗaya a Bakin Zaure Ba Ta Ƙirga Baƙin Haure

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun Sakkwato, musamman a unguwannin da birni ya malala cikin ƙaramar hukumar Wamakko, irin su Arkilla da Bado da Gwiwa da Kalambaina. Maganar ita ce baƙin haure sun yi yawa, kuma gwamnati ba ta san adadinsu ba ne don ba ta so ta sani. Masu wannan ra'ayi suna cewa abin ba wuya gare shi. Idan malaman ƙidaya ko masu binciken gida-gida za su fito, a ƙara musu layi ɗaya a takarda: kai ɗan ƙasa ne ko baƙo, in baƙo ne kana da izinin zama ko ba ka da shi? A tattara amsoshi, a haɗa lissafi, a faɗa wa jama'a.

Mai wannan magana ba maƙiyin baƙo ba ne, kuma yana da hujjojin da suka cancanci a saurara. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma kowa ya san bayan ƙofar Illela akwai ɓarauniyar hanya ba iyaka. A watan Nuwamban 2024 rundunar tsaro ta fito fili ta ambaci 'yan bindigar Lakurawa, waɗanda mutanen Tangaza da Gudu suka daɗe da sanin zamansu. Asibiti da makaranta da ruwan famfo duk da adadin mutane ake tsara su. Rabon da a ƙirga 'yan Najeriya tun 2006, ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 kuwa an ɗage ta. Wanda ya dubi wannan duka ya ce a ƙirga, ya yi magana ta hankali, kuma ina tare da shi. Inda muka rabu shi ne zaton cewa tambaya ɗaya a bakin zaure za ta fitar da adadin. Ba za ta fitar ba, kuma ɓarnar da za ta yi ta fi amfaninta.

Tambayar tana ɗauka cewa wanda ake tambaya ya san amsa, ɓoyewa ce kawai matsala. A yankinmu sau da yawa bai sani ba. Mu ɗauki gida guda a misali, irin wanda duk mazaunin Dundaye ko Gumbi ya san kamarsa. Malamin bincike ya yi sallama, yaro ya leƙo ya koma, maigida ya fito yana gyara hula, aka shimfiɗa tabarma. Shi kaɗai zai amsa a madadin kowa, domin baƙo namiji ba ya wuce zaure. Malamin ya ce, “Baba, duk mutanen gidan nan 'yan ƙasa ne?” Maigida ya dube shi da mamaki ya ce, “Yaro, ai duk iyalina ne.” Bai yi ƙarya ba. Amma ga abin da ke bayan katangar.

Uwargida daga Birnin Ƙonni da ke Nijar aka kawo ta, shekara talatin ke nan. A idon unguwa ta fi wasu zama 'yar gari. A idon kundin tsarin mulkin 1999 kuwa aure kaɗai bai mayar da ita 'yar Najeriya ba. Sashe na 26 ya ba matar ɗan ƙasa damar neman a yi mata rajista, sai ta nema an amince tukuna, kuma matan karkara nawa ne suka taɓa jin labarin wannan? 'Ya'yanta kuwa 'yan ƙasa ne tun ranar haihuwa, domin sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yanci, matuƙar ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Akwai ɗan ƙanen maigida da aka haifa a Tawa lokacin da ubansa ke fatauci can. Harshensa na Adar ne, takardar haihuwarsa da Faransanci aka rubuta ta, amma ɗan Najeriya ne cikakke, saboda wannan sashen ya haɗa da wanda aka haifa a waje in ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne. Ga kuma yaron shago, wanda aka haifa a nan cikin Sakkwato, bai taɓa taka Nijar ba, amma iyayensa da kakanninsa duka mutanen Dogon Dutsi ne. Haihuwa a nan kaɗai ba ta ba shi zama ɗan ƙasa ba. Wanda kowa zai kira baƙo ɗan ƙasa ne, wanda ba mai zarginsa kuma shi ne matsayinsa ke da magana. Maigida bai san waɗannan sassan ba, malamin da aka horar na kwana kaɗan shi ma da wuya ya san su, takardarsa kuma gurbi biyu kawai gare ta.

Ko ga wanda ya tabbata baƙo ne, matsayin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shigowa ba biza ya zauna har kwana 90, in ya shigo ta ƙofar hukuma da takardar tafiya. Bayan nan sai ya nemi ƙari ko katin zama. Ashe mai ga-ruwan da ya sauka Arkilla da kaka yana bisa ƙa'ida a watan Disamba, a watan Maris ya fita daga ƙa'ida yana tura kurarsa a kan titi ɗaya, da faɗuwar ruwan farko ya koma gona, baɗi ya dawo a fara lissafi daga farko. Adadin da za a samu ya danganta da watan da aka fito binciken. Daga baya abin ya ƙara rikicewa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar kuma ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen, a bar musu 'yancin zirga-zirga da zama har sai an sake sanarwa. Ka tambayi Buzun da ke gadi a ƙofar wani gida a Bado ko yana da izinin zama a ƙarƙashin wannan tsari, me kake so ya ce maka?

Wani zai ce a bar batun doka, a tambaya kawai: kana da takarda? Nan ne kuskuren ya fi muni, domin rashin takarda a Sakkwato ba alamar baƙunta ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar da aka yi wa rajistar haihuwa sun kai 57 cikin 100, amma a jihar Sakkwato ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. In haka yara suke a wannan zamani, ina ga tsofaffi? Manomin albasar da kakanninsa ke kwance a maƙabartar garinsu tun kafin zuwan Turawa zai iya rasa ko takarda ɗaya a aljihu. Mallakar takardar ma ba hujja ba ce. Lambar shaida ta NIN ba ta 'yan ƙasa kaɗai ba ce, doka ta ce a yi wa baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida. Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma kuwa bisa shaidar mai unguwa da hakimi take tsayawa, su kuma da zama da mutunci suke sanin mutum. Idan aka auna da takarda, talakan ƙauye ɗan ƙasa zai faɗa cikin baƙin haure, baƙon da ya san hanyar ofis ya fita fes.

Saura ido da kunne, wato malamin bincike ya duba fuska ya saurari harshe ya yanke hukunci. Wannan ba ma'auni ba ne ko kaɗan. Layin da ya raba mu Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja shi. A yarjejeniyar 1898 da'ira suka zana mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, suka sake gyara ta a 1904 da 1906, kuma ba su tambayi Gobirawa ko Adarawa ko Arawa ko Zabarmawa ba, waɗanda layin ya ratsa ta tsakiyarsu. Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, yau cikin Nijar take, jami'ar da ke ɗauke da sunansa kuma ga ta nan a ƙasar Wamakko. Gwamnatin tarayya da kanta ta taɓa gwada wannan hukunci ta faɗi. A Janairun 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, aka tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta yanke cewa ɗan Najeriya ne. In ma'aikatar cikin gida da jami'anta da lauyoyinta sun yi kuskure a kan ɗan majalisa sananne, ban ga yadda saurayi mai riƙe da 'yar kwamfuta zai gane gaskiya a minti goma ba.

To, a ce mutum ya san matsayinsa sarai, ya san ba shi da izini. Me zai sa ya faɗa wa ma'aikacin gwamnati? Dokar ƙididdiga ta 2007 ta ce bayanan da aka karɓa sirri ne, ba a amfani da su sai don lissafi. Amma mutane da abin da suka gani suke aiki. Kakanninmu sun san ƙidayar kai da haraji take tafe, ƙidayar shanu da jangali. Manyanmu sun ga Janairun 1983, lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, aka kwashi hanya, 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Chadi da sauransu. Aka sake yin irinta a 1985. Abin lura a nan, adadin waɗanda suka fita a 1983 har yau ƙiyasi ne, wanda aka fi ambata shi ne kusan miliyan 2. Mutane suna fita da rana tsaka ta ƙofofin iyaka, ɗauke da kaya a ka, ba a iya ƙirga su daidai ba, balle suna cikin gidajensu suna da dalilin yin shiru.

Shirun kuma ba a kan wannan tambaya kaɗai zai tsaya ba. Da zarar labari ya zaga unguwa cewa masu binciken nan takardu suke tambaya, maigidan da muka gani ba zai ambaci uwargida ba, ba zai ambaci yaron shago ba, wataƙila ma ya aiko a ce ya yi tafiya. An rasa adadin baƙi, an kuma rasa adadin 'ya'yansa da ba mai shakkar 'yan ƙasa ne. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Wamakko mutum kusan dubu 180, kuma duk kan da aka rasa a ƙidaya mai zuwa, kason jiha da na ƙaramar hukuma ne ya ragu. Ƙofar da aka rufe wa malamin ƙidaya ita ce dai masu rigakafi za su ƙwanƙwasa gobe. Amurka ta yi wannan muhawara. Gwamnatin Donald Trump ta so ƙara tambayar zama ɗan ƙasa a ƙidayar 2020, ba ma tambayar izinin zama ba. Masanan hukumar ƙidayar ƙasar da kansu suka yi gargaɗin cewa gidajen da ke da baƙi za su rage amsawa, kuma a watan Yunin 2019 kotun ƙoli ta dakatar da shirin saboda ba ta gamsu da dalilin da gwamnati ta bayar ba. Mu ma a nan an cire tambayar addini da ƙabila daga ƙidayar 2006, don gudun kada tambaya biyu su cinye aikin duka.

Dole a yi wa ɗaya ɓangaren adalci a nan. Ba gaskiya ba ne cewa ba a taɓa yin tambayar kai tsaye aka samu amsa ba. Ma'aikatar ƙwadago ta Amurka tana da binciken ma'aikatan gona da take yi tun ƙarshen shekarun 1980, ana tambayar lebura matsayinsa, kuma kaso mai yawa, a shekaru da dama sama da 40 cikin 100, kan amsa cewa ba su da izinin aiki. Sai dai a duba yadda ake yi. Masu tambayar ƙwararru ne da ke jin harshen leburorin, ba jami'an shige da fice ba ne, suna zama da mutum ɗaya su yi doguwar hira, kuma tambayar ba ta zuwa da fari. Mafi muhimmanci, leburan ya san amsar, domin can kowane matsayi da katinsa, ko kana da shi ko ba ka da shi. Ƙaramin bincike na amana irin wannan zai iya yiwuwa a Wamakko, kuma jami'ar Ɗanfodiyo tana da malamai da ɗaliban da za su iya. Amma wannan daban, layi ɗaya a takardar ƙidayar da za ta shiga kowane gida daban.

Alƙaluman baƙin hauren Amurka da muke ji a rediyo ma ba daga tambaya suke fitowa ba. Babban binciken gidaje na ƙasar yana tambayar inda aka haifi mutum, da ko ɗan ƙasa ne, da shekarar da ya shigo. Ba ya tambayar izini. Masana irin su Robert Warren da Jeffrey Passel, tun a kan ƙidayar 1980, ɗebewa suke yi. Su ɗauki jimillar waɗanda aka haifa a waje, su cire adadin waɗanda littattafan hukuma suka nuna an ba su izini, bayan an rage waɗanda suka mutu ko suka koma, abin da ya saura shi ne ƙiyasin, sai a ƙara wani abu saboda waɗanda binciken bai riska ba. Kamar dillalin albasa ne da ya ƙirga buhunan da ke rumfa ya cire waɗanda ke rubuce a littafi. In ƙirgar rumfa ta yi kuskure kaɗan ko littafin ya yi, ragowar za ta yi kuskure babba. Shi ya sa cibiyar Pew ta ƙiyasta mutum miliyan 10.7 a 2016, wasu masana daga jami'o'in Yale da MIT kuma suka bi wata hanya suka ce kimanin miliyan 22 ne a wannan shekarar. Yawancin masanan fannin sun fi yarda da na farko, amma tazarar ta isa ta sa mutum ya sassauta murya. Amurka kuwa ƙasa ce mai bincike kowace shekara da rubutaccen tarihin kowace biza. Mu ƙidayarmu ta 2006 ta nuna baƙi kusan miliyan 1 cikin mutum miliyan 140, ta kuma tsufa, littafin shiga da fita kuwa bai san masu bin hanyar jaki da babur ba.

Akwai wata dabara da ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya gwada, wadda ta fi burge ni domin tana kare mai amsa. Ana raba waɗanda za a tambaya gida biyu, kowane rukuni da katinsa mai akwatuna, mutum ya nuna akwatin da yake ciki kawai. A katin farko mai katin zama yana da akwati shi kaɗai, marar izini kuma an cakuɗa shi da sauran jama'a. A kati na biyu an haɗa mai katin zama da marar izini a akwati ɗaya. Ba wanda ya taɓa cewa ni ne. Amma in, a misali, 30 cikin 100 sun nuna akwatin haɗaka a kati na biyu, 12 kuma sun nuna na mai katin zama a katin farko, bambancin 18 shi ne ƙiyasin marasa izini. Dabara ce mai kyau, tana buƙatar mutane da yawa kafin ta zauna, kuma maganin tsoro kawai take yi. Uwargidan nan da aka kawo daga Birnin Ƙonni ba za ta san akwatin da za ta nuna ba.

Sakkwato kanta tana da tarihi a wannan ilimi. A ranin 1952 zuwa 1953 an kafa wuraren ƙirga a hanyoyin da masu cin rani ke bi su fita daga lardin, aka rubuta sama da mutum dubu 250, wani kaso daga cikinsu mutanen ƙasar Faransa ta wancan lokaci, wato Nijar. Masanin ƙasa Mansell Prothero ya yi nazarin alƙaluman, kuma har yau masu tarihin cin rani suna komawa gare su. Abin da aka tambayi matafiyan abu ne da suka sani kuma ba sa jin tsoron faɗa: daga ina, zuwa ina, wace sana'a.

Irin waɗannan tambayoyi ne za su yi aiki a Wamakko. Ina aka haife ka, ina aka haifi mahaifinka da mahaifiyarka, wace shekara ka fara zuwa, wata nawa kake yi a nan cikin shekara, ina kake noma. Sai a tambayi kowa, ɗan gari da baƙo, waɗanne takardu yake da su, a matsayin tambayar hidima, domin ita za ta nuna inda rajistar haihuwa ta gaza. A yi binciken sau biyu, da rani da damina. Tambayar iyaye tana da muhimmanci na musamman yanzu, saboda dubban mutanen Sabon Birni da Isa da suka tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi tun 2019 sun haifi 'ya'ya a can, kuma yaran nan 'yan Najeriya ne duk ranar da suka dawo. Daga waɗannan amsoshi masani zai iya cewa marasa izini suna tsakanin kaza da kaza, ya faɗi inda lissafinsa ke da rauni.

Aikin tantance mutum ɗaya-ɗaya kuwa na hukumar shige da fice ne, kuma tana da hanyarta. A watan Yulin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta tare da afuwar wata shida ga waɗanda ba su da takardu, domin an gane ba mai kawo kansa sai an cire masa tsoron kora. Batun tsaro ma can ya dace a kai shi, tare da sojoji da 'yan sanda da masu unguwanni, domin ɗan bindigar da ke dajin Gudu ba ya cikin jerin gidajen da malamin ƙidaya zai yi wa sallama. Idan aka ɗora wa malamin nan aikin jami'in iyaka, Bazabarmen da ke sayar da shayi a Kalambaina ne zai gudu, tare da maƙwabcinsa ɗan ƙasa da ba shi da takardar haihuwa, takardar binciken kuma ta koma Abuja da gurbin cike da amsar da ba wanda zai iya dogara da ita.